Takardar da Muka Tsinta a Adakar Kaka

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Ikko? Wata biyar ke nan ban ji ɗuriyarka ba, har Inna ta fara tambaya ko lamba ka canja ko mu ka canja. Na ce mata soyayyen kifin bakin teku ne ya riƙe ka.

Labari ne ya cika mini baki. Ka tuna ɗakin Kaka Alhaji na zaure, inda muke ɗibar dabino in ya tafi masallaci? Ruwan Agusta ya kwantar da bangonsa na gabas. Muna kwashe ƙasa sai ga adaka, tsatsa ta cinye murfin. A ciki akwai carbi da wata takarda naɗe cikin ƙyalle, rubutun Larabci, hatimin ya kusa gogewa. Kalma ɗaya Malam ya karanta fes: Sawakin.

Allah da ikonsa, Baffan nan da yaƙin Sudan na 2023 ya koro yana gidan Gwaggo har yanzu. Na kai masa. Ya daɗe yana shafa takardar da babban yatsa, bai ce uffan ba, sannan ya sa aka ɗora shayi. Wallahi sai da aka kira Isha'i muna kan tabarma.

Ya ce Sawakin ɗan tsibiri ne zagayayye a Bahar Maliya, kudu da Port Sudan, da ƙafa za ka kewaye shi ba ka gaji ba. Daga nan kakanninmu ke shiga jirgin ruwa su tsallaka Jidda, bayan sun shafe shekaru a hanya, suna tsayawa ƙwadago a gonakin auduga don haɗa guzuri. Takari ake ce musu a can. Shi Baffa jikan waɗanda suka yi gabas ne bayan yaƙin Burmi a 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan hannun da garin ya bi. Turkawan Usmaniyya suka karɓe shi a 1517, zamanin Sarki Salim na ɗaya, bayan sun ci Masar. A 1865 suka miƙa wa Masar ɗin, lokacin mai mulkinta Khedive Isma'il. Sai Turawan Ingila suka shigo da sojojinsu. Usman Digna, kwamandan Mahadin Sudan, ya yi ta kai hari yana tsare hanyoyin garin a shekarun 1880, bai samu shiga ba. Kitchener, hafsan sojan Ingila, shi ma ya yi gwamna a can, har yau akwai ƙofa da sunansa. Duk wannan garin na tsaye, attajirai na gina benaye da dutsen murjani, tagogin katako masu sassaƙa suna kallon ruwa.

To ka san abin da ya kashe shi? Ba bindiga ba. Mashigar ruwansa ƙunci gare ta, ga duwatsu, manyan jirage ba sa iya shiga. Turawa suka gina sabuwar tasha, Port Sudan, aka buɗe ta a 1909. 'Yan kasuwa suka tattara suka bi. Shi kuwa ginin murjani kamar ginin ƙasarmu ne, in ba a yaɓe sai ya zube. Baffa ya ce da idonsa ya ga maguna na yawo cikin kangon benaye. A 2017 shugaban Turkiyya, Erdogan, ya je can, suka yi yarjejeniya da shugaban Sudan na lokacin, al-Bashir, a kan gyara gine-ginen. Wato jikokin masu mulkinsa na da sun dawo da kayan gini.

Daren nan ban yi barci ba, kasuwarmu nake tunani. Tun da sabon titi ya bi ta can gefe, motocin Ringim ba sa tsayawa. Rumfunan 'yan hatsi rabi babu kowa, mahautan da ke yanka shanu ran kasuwa yanzu akuya ce da ƙyar. Hakimi ya canja, shugaban ƙaramar hukuma ya canja, ba wanda ya leƙo rumfunan nan.

Af, mutuminka na bakin rijiya ya ƙara aure, ta uku, kuma 'yar gidan da ka taɓa kai goro aka dawo maka da shi ce. Kada ka ce ban faɗa maka ba. Gero ya yi kyau bana, sai dai taki ya gagari talaka.

Na so in kai takardar Kano a like ta da leda, Baffa ya hana, ya ce zafin injin zai ƙarasa cinye hatimin. Tana nan cikin ƙyallenta a ƙasan akwatin Inna. In ka zo Sallah ka gani.

Ka gaida Maman yara.

Naka har kullum,
Amininka na gida