Wasiƙa daga Jidda: maganar Malam Ƙarami

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da Inna da Gwaggo da dukan mutanen gida. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Ni da iyali muna nan lafiya, aiki kuma sai godiya. Na rubuto ne maimakon in kira, don maganar doguwa ce, waya kuma ba ta barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Maganar baffanku ce, Malam Ƙarami, wanda kuka ɗora mini nemansa lokacin da zan taho. Akwai labari, amma kada a yi guɗa tukuna.

Abin da na taho da shi daga gida bai taka kara ya karya ba: sunansa na yanka da na mahaifinsa, da cewa ya fita da matarsa da niyyar hajji ta ƙasa, sai kuma maganar Gwaggo cewa ana cikin makokin Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka yi sallama. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi mini amfani, domin Sarki ya rasu a ƙarshen 1953. Ke nan da ranin 1954 suna kan hanya.

Na fara da shafukan intanet na neman dangi, irin su FamilySearch da Ancestry. Turawa sun more a nan, don suna da jerin sunayen fasinjojin jirgin ruwa da rajistar haihuwa da takardun ƙidaya. Tashar Ellis Island ta Amurka kaɗai baƙi sama da miliyan 12 suka bi ta cikinta daga 1892 zuwa 1954. Mutuminmu kuwa, wanda ya hau bayan babbar mota, ya sauka ya yi ƙwadago, ya sake hawa, babu littafin da ya kama sunansa a can.

Sai na koma wajen tsofaffin Hausawan nan, su suka zana mini hanyar: Kano zuwa Maiduguri, a tsallaka Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, a bi Abeshe da Adre, a shiga Sudan ta Junaina, sai Fashir, sai Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Guzuri yakan ƙare a nan. Mafi yawa sukan zarce gonakin auduga na Jazira, waɗanda aka buɗe bayan kammala dam ɗin Sinnar a 1925, su yi ta tsinkar auduga suna tara kuɗin tsallake Bahar Maliya daga Sawakin. Wasu su tsallako bayan shekaru, wasu har jikoki ba su tsallako ba. Ba baƙon wuri suke sauka ba, don tun bayan yaƙin Burmi na 1903 ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kafa gari a kudu da Sinnar, a bakin kogin Nilu, yana nan har yau da sunansa. Da zaman lafiya ake, can zan fara aika tambaya, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa mutane, wanda ke Wad Madani, babban garin Jazira, jiya, yau yana wani gari.

Nan Saudiyya ma da nata cikas. Kabari ba ya ɗauke da suna, ko a maƙabartar Mu'alla ta Makka ko a ƙauye. Tsofaffin unguwannin Jidda inda mutanenmu suka daɗe, irin su Karantina da Sabil da Gulail, an rushe su daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, maƙwabtan shekara hamsin kowa ya kama gabansa. Ga kuma suna. A takardar hukuma babu Garba, babu Mamman, babu Audu. Abubakar ne da Muhammad da Abdullahi, a ƙarshe a liƙa Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Sunan gari da laƙabin gida, waɗanda da su muke gane juna, duk sun zube. Neman mutum a haka allura ce cikin ruwa.

Rabon ya zo ta hannun wani tela ɗan Sudan, Bahaushe, da nake kai wa ɗinki. Da ya ji sunan garinmu sai ya ce ya san wani dattijo a Makka, wajen Shari' Mansur, da ke cewa ubansa mutumin can ne. Na je na same shi. Zai yi kusan sa'arku, Baba. A Jazira aka haife shi, aka tsallako da shi yana yaro. Fasfon Nijeriya yake riƙe da shi da iƙama, alhali bai taɓa taka Nijeriya ba. Hausarsa irin ta mutanen da ce, gauraye da Larabci, yana magana ina jin kamar Kaka ce.

Bayan an sha shayi ya sa aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. Akwai takardar tafiya da ta yi laushi don tsufa, da hatimin killacewa na Sawakin, shekarar 1381 ta Hijira, wato tsakanin 1961 da 1962. In shi ne, ya yi kusan shekara takwas a hanya. Hoton ya ɓalle, sai tabon gam. Abin da ya sa tsigar jikina ta tashi shi ne Alƙur'ani bugun hannu, warƙa-warƙa cikin gafaka ta fata, rubutun ƙasarmu sak, fa da ɗigonta a ƙasa. A bayan warƙar ƙarshe mai shi ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami, kowanne da rana da wata da garin da aka haife shi. Su 'ya'yan makarantar nan suka yi, ba su iya karanta ajami ba, sun ɗauka addu'a ce. Ni na karanta musu. A saman shafin ga sunansa, ga na mahaifinsa, ga sunan garinmu ɓaro-ɓaro.

To, ga inda na ja birki. Sunan mahaifin nasa, wato kakanku, da ke rubuce a wurin ba shi ne wanda muka sani a gida ba. Sunan matar ma daban ne, ko da yake dattijon ya ce uwarsa a Sudan aka aure ta, kuma ya ji an ce akwai wata da ta rasu a hanya. Shekarun da ke takardar hukuma ba abin dogaro ba ne, don ranar haihuwarsa ɗaya ga Rajab ce, wadda ake rubuta wa duk wanda ba a san ranarsa ba. Garinmu kuma ba gida ɗaya ne ya yi ɓatan mahajjaci ba. Dattijon har ya fara ce mini ɗana, ni ma zuciyata ta karkata, shi ya sa ma nake tsoron yanke hukunci ni kaɗai.

Sauran aikin yana wajenku. Kafin a karanta wa Gwaggo wannan wasiƙa, a fara tambayarta, kada a sa mata magana a baki: wace irin aska ce a fuskar Malam Ƙarami, kuma yana da wata alama a hannu ko a ƙafa? Dattijon ya faɗa mini abu biyu game da ubansa, na rubuta na ajiye, ba zan faɗa ba sai na ji nata. A tambaye ta kuma ko sunan da muke kiran kakanku da shi na yanka ne ko laƙabi. Auta ya ɗauki muryarta a waya ya turo mini yadda ta faɗa, ba gyara.

A duba cikin littattafan marigayi Malam Babba ko akwai rubutun hannun ƙanensa, ko da laya ce ko gefen Ishiriniya, in gwada da hoton warƙar da na ɗauka. Sannan Yaya ya leƙa gidan dagaci. Kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji a 1979, ana rubuta sunan kowane baligi gida-gida. In tsofaffin takardun sun tsira daga gara, za a ga sunansa ƙarƙashin maigidansu, da shekarar da ya fita daga lissafi. In ba a samu ba, sai a gwada gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Akwai maganar da ba na son ta fito daga bakin wani kafin nawa, ita ce gonar fadama. In ta tabbata Malam Ƙarami ya rayu har ya bar 'ya'ya, kasonsa na gado nasu ne, ko sun nema ko ba su nema ba. Dattijon bai ɗaga zancen ba, abin da ya roƙa kawai hoton ƙofar gidan da aka haifi ubansa. Amma ina ganin ku tuntuɓi limaminmu a asirce tun yanzu, kafin labari ya kai gidan su Baffa ya zama wani abu daban.

Na tura kuɗin maganinku da na taki ta hannun da aka saba. A gaida Inna da Gwaggo da Yaya da yara duka, a ce wa Auta ya ɗauki hoton ƙofar da safe, ta ɓangaren zaure.

Wassalam,
Ɗanku