Wasiƙa Zuwa Ga Malam Nasiru Kan "People" Da "Peoples"

Ƙofar Na'isa,
Birnin Kano.

Aminina Malam Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin Ingila? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe Dala da Gwauron Dutse, amma kowa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso. Na fahimci cewa a taron ƙungiyarku ta Kanawa mazauna can kun yi ta ja-in-ja kan abin da za a rubuta a ƙyallen bikin al'adu, wasu suna cewa "the people of Kano", wasu suna cewa "the peoples of Kano", kuma da yake kai ne sakatare, kan ka maganar ta faɗo. To, ga amsata tun da farko: ku rubuta "the people of Kano". Amma kada ka je ka ce wa ɗaya ɓangaren Turancinsu ba daidai ba ne, domin duka biyun Turanci ne ingantacce. Abin da suke faɗa ne ya bambanta.

"People" tana da fuska biyu. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, wato mutane. A nan jam'i ce tun asali, ba ta buƙatar ƙarin harafin s. Mutum ɗaya "person", mutum goma "ten people", kuma a ce "people are", ba "people is" ba. Yaron da ya rubuta "many peoples came to the wedding" ya yi kuskure, kuma wannan kuskure ina ganinsa kowace shekara a takardun ɗalibaina masu shirin WAEC da NECO. Ba na ganin laifinsu sosai, tunda an koya musu cewa s ce alamar jam'i, sai su liƙa ta ko'ina. Haka suke yi wa "staff" da "police" da "cattle".

Fuska ta biyu ita ce al'umma, wato jama'ar da harshe ko tarihi ko ƙasa suka haɗa. A nan kalmar tilo ce, har tana ɗaukar "a" a gabanta: "the Kanuri are a proud people". Tunda tilo ce, tana da nata jam'in, shi ne "peoples", al'ummomi. Idan ka ce "the peoples of West Africa", Hausawa da Fulani da Yarabawa da Zabarmawa da Ashanti kake lissafawa, kowace a matsayin al'umma guda. Mu ma muna da irin wannan a Hausa: maza jam'i ne, amma idan aka ce mazaje an san ba yawan kai kawai ake nufi ba, ma'ana ta ƙaru. Ka gwada da Hausa duk lokacin da ka yi kokwanto. In "mutane" ta zauna a gurbin, babu s. In sai "al'ummomi" ce za ta zauna, to ka sa s.

Ka ce ɗaya daga cikin dattawanku ya kafa hujja da sunayen jam'iyyu. Gaskiya ne PDP da NNPP suna rubuta "Peoples" ba tare da waƙafin sama ba, alhali PRP ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1978, an san ta da "People's". Amma abin da duk suke nufi shi ne jam'iyyar jama'a, mallaka ce, ba jam'i ba. Suna kuwa yadda mai shi ya yi rajistarsa haka ake rubuta shi, ba a ɗaukarsa a yi ƙa'idar nahawu da shi. Ka faɗa masa wannan cikin ladabi, don abin da ya gani da idonsa ya faɗa.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan s da muhimmanci shi ne, an daɗe ana kokawa a kanta a manyan zaurukan duniya. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya fara da "We the People", namu na 1999 ma ya ce "We the people of the Federal Republic of Nigeria", duk da ɗaruruwan ƙabilun da muke da su, domin masu rubutun suna so su ce mu al'umma ɗaya ce. Amma kundin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka sa wa hannu a 1945 ya fara da "We the peoples", tunda babu wanda zai ce Sinawa da Larabawa da Faransawa al'umma ɗaya ce. Yarjejeniyar kare haƙƙi ta Afirka da aka amince da ita a Nairobi a 1981 kuwa sunanta "African Charter on Human and Peoples' Rights". Ka lura da inda waƙafin ya zauna, bayan s, wato haƙƙin al'ummomi ne a haɗe da haƙƙin ɗaiɗaikun mutane.

Dalilin kokawar shi ne, yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1966 sun ce duk "peoples" suna da ikon zaɓa wa kansu makoma. Saboda haka gwamnatoci da dama suka riƙa gudun a kira 'yan asalin ƙasashensu da wannan suna, kada gobe su ce za su ɓalle. Lokacin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi amfani da kalmar a yarjejeniyarta mai lamba 169 a 1989, sai da aka sa sharaɗi a ciki cewa ba ta ɗauke da wannan ma'ana ta dokar ƙasa da ƙasa. Shekarar 1993 da aka keɓe domin 'yan asalin wurare, "people" aka rubuta, babu s. Sai a 2007 sanarwar haƙƙinsu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da s ɗinta, kuma ko a ranar ƙasashe 4 sun ƙi, Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙaurace wa ƙuri'ar.

To mu dawo gida. Masu son "peoples of Kano" ba su rasa madafa ba, kai ma shaida ne. Sunayen unguwanninmu kaɗai sun isa: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, Ayagi ta Yarabawa. Wangarawa sun zo daga Mali tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Ga Fulani, ga Sabon Gari, ga Kwarori a Fagge. Malamin tarihi da ke rubutu kan waɗanda suka gina birnin nan, in ya ce "the peoples who built Kano", ya yi daidai, ni ma haka zan rubuta.

Amma ku ba tarihin asali za ku rataya a bango ba, kanku za ku gabatar. Ka je Tudun Nufawa yau ka tambayi saurayi shi wane ne, zai ce maka Bakano ne, Hausa yake ji, a Kurmi ko Kwari yake nema, da mu yake hawan sallah. Kakansa ya zo da harshensa da sana'arsa, garin ya karɓe shi, aka yi auratayya, jikoki suka zama 'yan gari. Wannan shi ne abin da na fi alfahari da shi game da Kano, kuma ba na so a karanta akasinsa a ƙyallenku. Baturen da ya ga "the peoples of Kano" zai ɗauka ƙabilu ne daban-daban suka yi haɗaka don biki, kowa da tutarsa. Yaranku da aka haifa a can, waɗanda Turanci ya fi zama a bakinsu, su ma haka za su fahimta, kuma su ne na fi damuwa da su.

Sai tambayarka kan "persons". Wannan ta takardun hukuma ce da lauyoyi, irin su "missing persons" da "internally displaced persons" da ake kiran 'yan gudun hijira da ita. A tsarin mulkin ƙungiyarku za ta iya shiga, inda ake maganar wanda ya cancanci zama mamba. A jawabin maraba kuwa ka bar ta, tana da sanyi, kamar ana ƙirga kawuna.

In akwai 'yan Nijar da Gana da za su zo da nasu raye-rayen, kuma kuna so ku ambace su a takardar gayyata, can ne wurin s: "the peoples of the Sahel and West Africa". Ka turo mini duk rubutun ta WhatsApp kafin ku kai wa mai bugawa, in duba waƙafi da sauran ƙananan abubuwa, don in an riga an buga ƙyalle gyara ya yi wuya.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko Abba ya sauke izu goman da ka faɗa mata. Ka gaishe da maiɗakinka da yara da duk 'yan uwa na can. Allah Ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.

Wassalam.

Naka har kullum,
Garba