A Nuna Wa Iyaye Abin Da Za A Koya Wa 'Ya'yansu Game Da Ƙabilu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in bayyana wata damuwa da ke zukatan iyaye da dama a nan Katsina, game da yadda za a koyar da tarihin ƙabilu da al'adunsu a makarantun sakandare na gwamnati. A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa darasin Tarihin Najeriya ya zama wajibi tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma an haɗe shi da ilimin zama ɗan ƙasa a darasi guda. Na yi farin ciki da wannan mataki, domin tun da aka cire Tarihi daga manhajar matakin farko wajen 2009, an yaye ɗalibai masu yawa waɗanda kullum suke wucewa ta gindin hasumiyar Gobarau amma ba su san ko wane ne Muhammadu Korau ko Wali Ɗan Marina ba. Duk da haka, hankalin uba ba zai kwanta ba sai ya san abin da za a faɗa wa ɗansa a kan asalinsa da asalin wanda suke zaune a benci ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804. A wani yanki na ƙasar nan wannan babi labari ne na nesa, amma a Katsina da Daura labarin gidajenmu ne. Malam Ummarun Dallaje ya karɓi mulkin Katsina, zuriyar tsofaffin sarakuna kuma suka yi arewa suka kafa Maraɗi, inda har yau sarkinsu yake amsa sunan Sarkin Katsina. A Daura ma mulki ya koma hannun masu jihadi, tsohon gidan sarauta ya watsu zuwa Zango da Ɓaure, har zuwa 1906 lokacin da Turawa suka maido da shi, a shekarar da Muhammadu Dikko na Sulluɓawa ya hau gadon sarautar Katsina. Jikokin dukkan waɗannan gidaje suna cikin azuzuwanmu a yau, kuma galibinsu auratayya ta riga ta haɗa jininsu. Idan malami ya taƙaita wannan babi da cewa wata ƙabila ce ta ci wata da yaƙi, to ya yi wa gaskiya ƙwange, domin akwai malaman Hausawa irin su Malam Abdussalami na Gimbana a cikin jama'ar Shehu tun farko, akwai kuma malaman 'Yandoto da suka ƙi bin jihadin saboda hujjojinsu na ilimi. Maganar addini ce, da zaluncin masu mulki, da haraji da jangali, da neman iko, kuma ɗalibin babbar sakandare ya isa a warware masa duk wannan.

Ba don komai nake nanata wannan ba sai don halin da muke ciki. Shekaru ke nan ƙananan hukumomi irin su Batsari da Jibiya da Safana da Faskari suna fama da 'yan bindiga, kuma duk mai leƙa Facebook da TikTok ya san akwai masu ƙoƙarin mayar da wannan masifa ta zama rigimar Hausawa da Fulani, har suna jingina ta da abin da ya faru shekaru ɗari biyu da suka wuce. Yaranmu suna jin waɗannan maganganu a wayoyinsu tun kafin su shiga aji. Darasin da aka tsara da kyau zai iya zama magani, wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi kuwa zai ba masu wannan kira hujja daga bakin malami.

Akwai kuma labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, wanda muke alfahari da shi kuma ya cancanci a koyar. Amma labarin ya danganta Nufawa da Gwarawa da Yarabawa da Kwararrafa da Kabawa da Zamfarawa da Yawurawa ga ɗan ƙwarƙwara, alhali 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa daga waɗannan al'ummomi suna karatu tare da namu. Ya kamata a koyar da shi a matsayin labarin asali da aka gada daga kaka da kakanni, a kuma gaya wa ɗalibai cewa su ma waɗancan al'ummomi suna da nasu labaran asalin. Haka Maguzawan kudancin jihar nan, waɗanda ba kasafai ake jin ɗuriyarsu a littattafan makaranta ba. Juyin mulkin Janairun 1966, da kashe-kashen da suka biyo baya a Arewa, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, su ma suna buƙatar malami mai adalci wanda zai ambaci asarar kowane ɓangare.

Ba mu kaɗai ne muka taɓa fuskantar irin wannan ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, daftarin farko na manhajar nazarin ƙabilu da aka fitar a 2019 ya sha suka daga iyaye da ƙungiyoyi, ciki har da na Yahudawa da suka ce an yi watsi da tarihinsu, har aka mayar da shi aka yi ta gyara kafin a amince da shi a watan Maris na 2021. A watan Oktoba na shekarar Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta sa darasin cikin sharuɗɗan kammala sakandare. Yanayinsu daban ne da namu, amma abin da na ɗauka a ciki shi ne an buga daftarin a fili, jama'a suka karanta, suka yi magana, aka gyara kafin ya isa aji.

Na ji wasu iyaye suna cewa gara a bar maganar ƙabilu gaba ɗaya, kada a tayar da zaune tsaye. Ina girmama fargabarsu, amma ban yarda da su ba, domin mun gwada shiru na shekaru fiye da goma, kuma bai hana yaranmu jin labarin ba, sai dai ya bar su suna jin sa daga bakin waɗanda ba su da ilimi ko kyakkyawar niyya.

Saboda haka nake kira ga Ma'aikatar Ilimi ta jiha da ta sa kowace makaranta ta gabatar da jadawalin darasin da littattafan da aka amince da su a taron ƙungiyar iyaye da malamai tun farkon zango, a kuma yi bayanin da Hausa, domin iyaye da yawa ba za su iya bin manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar makarantu ta ƙasa, da Turanci ba. Uban da ya ga kuskure ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, a kuma ba shi amsa a rubuce. Mafi muhimmanci, kada a miƙa darasin ga duk malamin da aka ga yana da sarari a jadawali. Muna da masana a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga kwalejojin ilimi a Katsina da Dutsin-Ma, kuma su ne suka fi dacewa su horar da malamai su kuma duba babin jihadi da na Hausa Bakwai jimla bayan jimla, tare da masana daga masarautun Katsina da Daura, kafin a sayi littafi ko ɗaya a raba wa makarantu.

Wassalam.

Wani uba mai 'ya'ya a sakandaren gwamnati,
Katsina.