A Duba Inda Ruwan Kano Ke Zuwa Bayan Mun Gama Amfani da Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan batun ruwan sha a birnin Kano, musamman ɓangaren da ba a cika tattauna shi ba, wato makomar ruwan bayan ya fita daga gidajenmu da masana'antunmu. Duk lokacin da aka taso da maganar ruwa, abin da muke tambaya shi ne yaushe famfo zai kawo, kuma tambaya ce da ta dace, amma a ganina samar da ruwan sha da tsabtace ruwan ƙazanta aiki ɗaya ne, kuma wanda ya kula da rabinsa ya bar rabi zai biya kuɗin sakacin a asibiti.

Kano ta daɗe da sanin ruwan famfo. Tun a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa matatar ruwa ta farko a Challawa, ana turo ruwan zuwa manyan tankuna a kan tudu irin na Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin gari da nauyinsa. Daga baya gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ce ke riƙe ruwan damina ta sako shi cikin kogin Kano har tsakiyar rani. A zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar matatar Tamburawa, wadda aka tsara ta tace lita miliyan 150 a kowace rana, tare da ta Watari. Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jihar Kano ce ke tafiyar da waɗannan matatu.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa a cikin matata, domin a nan ne hujjata take. Injina na zuƙo ruwan kogi da lakarsa, a zuba masa alif domin ƙwayoyin laka su dunƙule su yi nauyi, a bar shi a manyan kwatarniyoyi na siminti har dattin ya kwanta, sannan a ratsa shi ta cikin yashi da tsakuwa, a ƙarshe a sa masa sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Wannan tsari an yi shi ne domin laka da ƙwayoyin cuta. Ba a tsara shi domin ya cire duk wata guba da masana'anta za ta narkar a cikin kogi ba, kuma duk yadda ruwan kogin ya ƙara gurɓata, haka kuɗin sinadarai ke ƙaruwa, haka kuma tabbacin ingancin abin da ke fitowa ke raguwa.

To, mene ne muke zubawa a kogunan? Kamfanonin jimar fata da na saƙa da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai suna fitar da ruwa mai wari da launi, kuma jima ta zamani tana amfani da sinadarin kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa, sai dai ya taru a cikin laka da ƙasar noma. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, kogin da wasu daga cikin matatunmu ke zaune a bakinsa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano a yankin Tamburawa. Na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ta riga ta kwaso dagwalon kwatocin cikin birni da na mayanka, su nufi madatsar Wasai a wajen Minjibir. A kan wannan hanya manoman rani ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo, mu kuma mu saya a kasuwa. Ba na ganin laifin manoman nan, domin ruwan da ke wucewa ta bakin gonarsu shi ne wanda muka aiko masu. An rufe wani sashe na Jakara an shimfiɗa titi a kai, ido ya huta, amma abin da ke gudana a ƙarƙashi bai canza ba.

A cikin unguwanni kuwa lamarin ya fi kusa da cikinmu. Mafi yawan gidajen Kano ba su haɗe da wata babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa da ke kai bahaya wurin tacewa, kowa da masansa ko sokawe, kuma saboda ƙarancin ruwan famfo kowa na haƙa rijiya ko burtsatse a fili ɗaya da masan, wani lokaci tazarar ba ta wuce taku kaɗan ba. Bututan ruwa da yawa sun tsufa, wasu sun ratsa ta cikin kwata. Muddin bututu na cike da ruwa mai ƙarfi, ruwan ne ke fita ta inda ya tsage, amma da zarar an ɗauke wuta injina sun tsaya, bututun ya zama fanko, sai ruwan kwata ya sami hanyar shiga, ranar da aka dawo da ruwa kuma shi ne zai fara isa gida. Wannan na cikin dalilan da ke sa amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke yawaita da damina, kuma talakan da ke sayen jarka daga 'yan garuwa da tsada shi ne mafi ƙarancin sanin inda aka ɗebo ruwan.

Maganin ba sabon abu ba ne. Abuja tana da matatar ruwan ƙazanta a Wupa, kuma gari mai zafin rana kamar Kano zai iya amfani da hanya mai sauƙin kuɗi, wato jerin manyan tafkuna da ake haƙawa a bayan gari, inda ruwan ke zama na wasu makonni, datti ya kwanta, ƙananan halittu da hasken rana su cinye ƙazantar, ya fito ya dace da ban ruwa. Wannan bai isa ga ruwan majemu ba, shi dole ne a tace shi tun a harabar masana'anta kafin ya fita.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha da Majalisar Dokoki su ware wa ruwan ƙazanta nasa kason a kasafin kuɗi, Ma'aikatar Muhalli ta tilasta wa kamfanoni tace ruwansu, a kuma keɓe wuraren da motocin yashe masai za su riƙa juyewa maimakon rafi da kududdufi. Ina kuma roƙon hukumar ruwa ta riƙa wallafa sakamakon gwajin ruwan da take yi, unguwa bayan unguwa, a jaridu irin wannan da gidajen rediyo. Mu ma masu amfani da ruwa wajibi ne mu biya kuɗinsa idan ya zo, domin alif da kulorin da man janareta ba kyauta ake samunsu ba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Kumbotso, Jihar Kano.