Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan zanen dawaki da mahaya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso mana nan ƙasar Ringim tare da hoton zanen da ka yi da fentin mai, kuma mahaifiyarka ta yi murna ƙwarai. Ni ma na yi murna, amma tunda na girma a gindin turke, wajibi ne in gaya maka cewa ka zana kayan doki da kyau, dokin kansa kuwa ba ka san shi ba tukuna.

Dubi ƙafafunsa. Ka zana shi yana sukuwa, ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya, dukkansu a sama, alhali doki ba ya gudu haka. Masu zane a Turai sun daɗe suna wannan kuskure, har sai da wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya nuna a Amurka a 1878 cewa lokacin da kofatai huɗu suke barin ƙasa, a tattare suke a ƙarƙashin ciki. Tun kafin shi, George Stubbs na Ingila ya shafe watanni yana feɗe matattun dawaki domin ya fahimci yadda ƙashi da tsoka suke zaune. Ban ce ka feɗe doki ba, amma idan ka zo hutu ka riƙa sammako zuwa bargar Hakimi da takarda da fensir, ka kalli doki yana cin harawa, yana harbin ƙuda, yana kwantar da kunne idan ransa ya ɓaci, ka kuma bi masu kilisa da yamma har idonka ya rarrabe taƙama da sassarfa. Hoton waya ba zai koya maka wannan ba.

Haka batun launi. Kili ba fari fat ba ne, domin jar ƙasa tana haska cikinsa, inuwar wuyansa kuma tana ɗan yin shuɗi. Akawal ma idan ya yi gumi yana sheƙi irin na rawani ɗan Kura, wanda baƙin fenti shi kaɗai ba zai fito da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mahayin. Ka naɗa masa rawani mai kunne biyu, ka ɗora masa laima, sannan ka sa shi a cikin 'yan lifida, kuma duk dattijon da ya gani zai girgiza kai. A Kano laima ta Sarki ce, haka tagwayen masu da takalmin gashin jimina, waɗanda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa, rawani mai kunne biyu kuwa na jinin sarauta ne. Yanzu da hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya a 2024, baƙi za su riƙa neman irin zanenka, kuma abin da ka zana shi za su ɗauka gaskiya. Ka tambayi zagage da masu ɗaura sirdi, su suka san wanda ya cancanci kowane kaya.

Game da fentin, malamanka na Zariya sun fi ni sani, sai dai ina roƙonka da haƙuri. Ka bar shafen farko ya bushe kafin ka ɗora wani, na ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, in ba haka ba zanen zai tsattsage nan gaba. Da hunturu ka juya fuskar zanen ga bango, saboda ƙura idan ta manne ba ta fita. Wani farin fenti yana ɗauke da dalma, kuma ba ka manta yaran da gubarta ta hallaka a Zamfara a 2010 ba, don haka kada ka sa buroshi a baki, ka kuma wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Tsummokaran da suka sha mai kada ka tara su a lungu, suna iya kamawa da wuta da kansu.

Maganar hukuncin zanen mai rai da kawunka ya tayar, ka kai ta gaban malami mai ilimi da kanka, ka saurara da ladabi.

Hakimi ya yarda ka zana dokinsa gunya bayan ƙaramar salla, sai ka taho da kayan aikinka. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Naka,
Mahaifinka