Ga matasan da ke tara kuɗin babbar amfilifaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da ƙannena masu koyon jitar lantarki a nan Gombe. Na shekara goma sha biyar ina kaɗa ta a wuraren biki, kuma duk yaron da ya same ni a Pantami maganarsa ɗaya ce: "Yaya, sai na sayi amfilifaya mai wat 100 sannan sautina zai fito." Abin yana damuna, don ni ma da wannan tunanin na taɓa sayen wata ƙatuwar amfilifaya ta gwanjo, wato na'urar da ke ƙara sautin jita. Ashe daga Amurka ta fito, wuta mai ƙarfin 120 take sha, tamu kuwa 230 ce. Ina jona ta sai hayaƙi, kuɗin wata shida suka tafi.

Yawan wat ƙara kawai yake ba ka, ita ma ba yadda ake zato ba. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka biyu, sai an ninka wat sau goma. Wato idan lasifikarsu iri ɗaya ce, mai wat 50 ninki biyu kacal ta fi mai wat 5 a kunne. Amfilifaya mai bawul kuwa, wato mai aiki da ƙwayayen gilashi masu kama da ƙwan lantarki, ba ta sakin zaƙinta sai an matsa mata. Babbar, a cikin ɗaki, dole ka bar maɓallin ƙararta a kan lamba ɗaya ko biyu saboda maƙwabta, sautin ya fito siriri, ba jiki. Amma ƙarama irin Fender Champ mai wat 5, ka murɗa ta zuwa bakwai, ka shafa tsirkiya a hankali ta fito tas, ka ɗan kai mata duka ta yi gurnani mai daɗi. A yatsanka abin yake, kuma wallahi wannan ne ya hana ni ajiye jita har yau.

Za a ce to a filin biki fa? Makirufo ne maganin. Ina ɗora ƙaramar amfilifayata a kan benci, in kafa makirufo irin Shure SM57 kamar yatsu biyu daga gaban lasifika. Tsakiyar lasifika sautinta kaifi ne. In na matsar da makirufon wajen gefe sai ya yi taushi, ya yi kauri. Sauran aikin na manyan lasifikun mai sauti ne.

A wajen fedal, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita, ake yawan ɓata lamari. Mai ƙara gurnani, irin Tube Screamer na kamfanin Ibanez, shi ake fara jonawa daga jita, sannan mai maimaita sauti da mai amsa kuwwa su biyo baya. In ka juya su, komai zai cakuɗe. Ni nakan rage gurnanin fedal ƙasa sosai, in ɗaga ƙarfin fitarsa, don ya tura amfilifayar ta yi kukan da kanta. Yaran nan kuwa sai su murɗe komai har ƙarshe, ka ji kamar ƙudan zuma a gwangwani. Sannan adafta mai araha tana kawo gunji, musamman in an tada janareta, shi ya sa nake yawo da batir mai ƙarfin 9. Ka tuna ka zare wayar jita daga fedal in ka gama, in ba haka ba zai kwana yana shan batir.

Ku saurari makaɗan Agadas, da yawansu da ƙananan amfilifayoyin batir suka fara, ga shi duniya tana sauraronsu. Ko Roland Micro Cube, mai wat 2 da batir shida, ta isa yaro ya yi atisaye ranar da babu wuta.

Ƙannena, kuɗin da kuke tarawa ku sayi ƙarama mai kyau, da waya mai inganci, da sababbin tsirkiyoyi, don gumin zafin Gombe yana saurin sa musu tsatsa. Wanda ke son ji da kunnensa ya zo atisayenmu na yammacin Asabar da jitarsa, in jona masa a tawa.

Naka,
Wani makaɗin jita, Pantami, Gombe