Takardar da na sa wa hannu ta ɗaure ni, ga kuma dama ta zo

Assalamu alaikum Barista, da fatan kana lafiya da iyali.

Ni matashi ne ɗan asalin Katsina, mazaunin Agege a Legas. Ina aiki da wani kamfani mai haɗa wa gidaje wutar sola. Da suka ɗauke ni, sun tura ni kwas, amma sai da na sa hannu cewa zan yi musu aiki shekara 3, in na tafi kafin nan in biya su naira 600,000. Kawuna, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, shi ya tsaya mini. Kwas ɗin kuwa bai cika wata guda ba, kuma rabinsa a kan rufin gidajen kwastomominsu muka yi shi, muna jan waya cikin rana. Yanzu na ci fiye da rabin wa'adin, albashi bai motsa ba, kuɗin mota kullum ƙaruwa yake.

Ina so in buɗe nawa shagon. Na ji labarin asusun LSETF, wanda dokar jihar Legas ta kafa a 2016 zamanin Gwamna Ambode don bai wa masu ƙananan sana'o'i rance mai sauƙi. Katin LASRRA, na rajistar mazauna Legas, ina da shi, lambar haraji ma na yi. Wasu abokaina na cewa ba a bai wa ɗan Arewa, amma ni a fahimtata zama a Legas ake dubawa, ba asali ba.

To Barista, ga abin da ke hana ni barci. Doka ta yarda su karɓi dukan kuɗin, ko za a cire na lokacin da na riga na yi? Manaja ya ce ranar da na miƙa takardar ajiye aiki zai riƙe albashina, sannan ya aika wa Kawu ɗan sanda. Wannan ba maganar Kotun Ma'aikata ba ce? Kawu dattijo ne, ba zan so a kira shi ofishin 'yan sanda saboda ni ba. Kuma ina da ikon neman su nuna mini rasit na abin da suka kashe a kaina?

Batun kuɗin ruwan da ke kan rancen, wannan malamin unguwarmu zan kai wa. Kai dai ka haska mini ɓangaren doka: in fara zama da su a yi sulhu, ko in haƙura wa'adin ya cika?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai sauraronka daga Agege